Sayar da makon hutu a wurin shaƙatawa na kan dutse: Dalilin da ya sa shiga ke da sauƙi, fita ke da wuya

Lafiya — Jihar Nasarawa na cikin jihohin da ke sa ran yawon buɗe ido zai zame musu hanyar samun kuɗin shiga, saboda wuraren ban sha'awa da Allah ya hore mata. Akwai duwatsun Eggon da matafiyi ke gani tsakanin Akwanga da Lafiya, akwai kuma mafaɗar ruwa ta Farin Ruwa a Ƙaramar Hukumar Wamba, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 150.

Gina masaukin baƙi a irin waɗannan wurare na cin kuɗi mai yawa, shi ya sa gwamnatoci ke zawarcin 'yan kasuwa su zuba jari. Ɗaya daga cikin hanyoyin da kamfanonin gine-gine ke bi a duniya wajen tara kuɗin irin wannan aiki ita ce sayar da ɗaki guda ga mutane da yawa, kowa da makon da zai riƙa kwana a cikinsa duk shekara. Turawa na kiran tsarin taimshiya, da Hausa kuwa za a iya kiransa mallakar karɓa-karɓa.

Tsarin bai kafu a Najeriya ba, amma 'yan ƙasar da ke zuwa Dubai, Afirka ta Kudu, Turai da Amurka sukan gamu da masu tallarsa a otal-otal da manyan kantuna. Abin da ba a cika faɗa musu a wurin talla ba shi ne halin da mutum ke shiga ranar da ya so sayar da makon nasa.

Yadda tsarin yake

Mafi kusa da shi a rayuwar Bahaushe ita ce watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa. Bambancin shi ne a nan lokaci ake rabawa. Shekara na da mako 52, kamfani kan ware mako ɗaya ko biyu domin gyara, ya sayar da sauran.

Akwai kuma wani bambanci mai nauyi. Watanda na ƙarewa ranar da aka raba nama, kowa ya kama gabansa. Mallakar karɓa-karɓa kuwa tana ɗaure mutum na tsawon shekaru, domin duk wanda ya sayi mako zai riƙa biyan kuɗin kula da wurin kowace shekara, ko ya je ko bai je ba.

A kan duwatsu aka haifi tsarin. A shekarar 1963 aka kafa kamfanin Hapimag a ƙasar Suwizalan, wanda ke sayar wa mutane hannun jari da ke ba su damar sauka a masaukansa. A cikin shekarun 1960 ɗin ne kuma aka fara sayar da makonni a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara na SuperDévoluy da ke duwatsun Alps na Faransa. Daga nan ya ƙetara Amurka, inda aka kafa kamfanin RCI a 1974 domin masu makonni su riƙa musanya su da na wasu wurare.

Abin da mutum ya saya shi zai sayar

Ba kowane mai riƙe da takardar mako ne ya mallaki wani abu a cikin ginin ba. Yarjejeniyoyin sun kasu gida uku.

A na farko, mai saye ya mallaki wani ɗan kaso na ɗakin, da sunansa a rajistar ƙasa. Zai iya sayarwa, ya bayar kyauta, magadansa kuma su gada, tare da duk nauyin da ke kai.

A na biyu, haƙƙin amfani kawai ya saya na wasu shekaru, misali 20 ko 30, ginin kuma na kamfani ne. Wannan haya ce mai tsawo da aka biya kuɗinta tun farko. Duk shekarar da ta wuce, abin da ya rage a hannunsa na raguwa, farashinsa ma haka.

A na uku, maki ake sayar masa, ya zama ɗan wata ƙungiyar hutu, ya riƙa kashe makin a masaukai daban-daban. Wannan ya fi kowanne wuyar sayarwa, domin babu wani ɗaki ko mako takamaimai da zai nuna wa mai saye, kuma kamfani ne ke tsara yawan makin da kowane dare zai ci.

Misalin da ya fi kusa da alhazai shi ne Hasumiyar Zamzam, ɗaya daga cikin dogayen benayen Abraj al-Bait da ke daura da Masallacin Harami a Makka. Filin na Waƙafin Sarki Abdul'aziz ne. Kamfanin Munshaat na Kuwait ya karɓi hayar hasumiyar ta shekara 24, ya fitar da takardun haƙƙin amfani na dala miliyan 390, kowace takarda na bai wa mai ita damar zama a wani ɗaki na wasu kwanaki a shekara. Farashin ya bambanta gwargwadon lokaci, domin kwanakin azumi da na aikin Hajji ba ɗaya suke da sauran watanni ba. Mai takardar na iya sauka da kansa, ya ba da haya, ko ya sayar, amma ginin bai zama nasa ba.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta duba wannan ciniki a zamanta na 18 da aka yi a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a watan Yulin 2007. Ta halatta shi, ko ta hanyar sayen kaso ko ta hanyar haya, bisa sharaɗin a san ainihin abin da aka ƙulla ciniki a kansa, ta kuma amince cewa mai kaso na iya sayar da kasonsa. Sai dai halaccin sayarwa daban, samun mai saye daban.

Dalilin faɗuwar farashi

Ƙungiyar masu gina irin waɗannan wurare ta Amurka, ARDA, ta nuna a rahotanninta na shekarun baya-bayan nan cewa matsakaicin farashin saye daga hannun kamfani ya haura dala dubu 20, kuɗin kulawa na shekara kuma ya haura dala dubu ɗaya. Duk da haka, a shafukan cinikin intanet irin su eBay ana ganin mutane na tallar makonninsu a kan dala ɗaya tak, wasu ma har da alƙawarin biyan kuɗin sauya suna, don dai su rabu da shi.

Dalili na farko shi ne farashin asali ba darajar ɗakin ba ce kaɗai. A cikinsa akwai kuɗin talla, la'adar dillalai, da kyaututtukan da ake jawo mutane da su zuwa wurin gabatar da hajar, kamar abinci ko kwana kyauta. Waɗannan kan cinye kusan rabin kuɗin. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Da zarar mai saye ya sa hannu, wannan kaso ya tafi, babu mai saye na biyu da zai mayar masa da shi.

A ɗauki misali. Idan an kashe naira miliyan 30 wajen gina ɗaki, aka sayar da mako 50 a kan naira miliyan biyu kowanne, kamfani ya karɓi naira miliyan 100. Kason mai mako ɗaya a cikin ainihin ginin bai wuce naira dubu 600 ba, alhali ya biya miliyan biyu.

Dalili na biyu shi ne mai son sayarwa na gogayya ne da kamfanin da ya sayar masa. Kamfani na da ofis, da ma'aikatan talla, da tsarin biya a hankali. Shi kuwa takarda kawai yake riƙe da ita. Wasu kamfanoni ma kan hana wanda ya saya daga hannu na biyu wasu gatanci, kamar musanya mako ko tara maki, abin da ke ƙara karya darajarsa.

Dalili na uku, kuma mafi girma, shi ne kuɗin kulawa. Wanda zai saya ba ɗaki kawai yake kallo ba, yana kallon bashin da zai riƙa zuwa masa duk shekara, wanda kuma yakan ƙaru. Idan rufi ya lalace ko hanya ta zaizaye, akan ɗora wa masu makonni wani kuɗi na musamman. In har abin da mutum zai biya a shekara ya kusa kai kuɗin kama otal na mako guda a wurin, babu dalilin da zai sa ya ɗaure kansa.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin nauyin canjin kuɗi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Wanda ke biyan dala dubu ɗaya a shekara ya tashi daga kimanin naira dubu 460 zuwa sama da naira miliyan ɗaya da rabi, ban da kuɗin jirgi da wahalar neman biza kafin ya ga ɗakin da idonsa.

Abin da ya keɓanta da kan dutse

Wurin shaƙatawa na kan dutse ya dogara ne da yanayi da kuma hanya, kuma duka biyun ba a hannun mai mako suke ba. A duwatsun Turai da Amurka, makon hunturu da ake wasan ƙanƙara na da tsada da masu nema, makon da ƙanƙara ta narke kuwa da ƙyar ake samun mai karɓa, alhali sau da yawa kuɗin kulawarsu ɗaya ne.

Haka lamarin zai kasance a gida. Farin Ruwa ya fi ƙarfi da kyan gani da damina, da rani kuma ruwan kan ja baya sosai. To amma da damina ne hanyar karkara ta fi wuyar bi. Ga kuma batun Sallah: kalandar Musulunci na gaba da ta Miladiyya da kimanin kwana 11 duk shekara, saboda haka wanda ya sayi tsayayyen mako don ya dace da hutun Sallar bana, baɗi ba zai dace ba.

Sannan darajar mako na tafiya ne da lafiyar wurin baki ɗaya. Wurin shaƙatawa na Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda ya faro a matsayin gonar kiwon shanu a 1951, ya yi tashe a zamanin Gwamna Donald Duke, lokacin da aka kafa motar igiya mai ɗaukar baƙi zuwa kan dutsen a 2005. Daga baya rashin kulawa ya sa motar ta daɗe ba ta aiki, baƙi suka ragu. A Farin Ruwa ma an fara gina ɗakunan baƙi tun zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, amma aikin bai kai inda aka tsara ba. Mai gida a cikin garin Lafiya na iya gyara gidansa da kansa ya sa 'yan haya. Mai mako ɗaya a kan dutse ba zai iya gyara hanya ko ya kawo wutar lantarki ba, sai dai ya zuba ido.

Matsayin doka

Ƙasashen da tsarin ya daɗe a cikinsu sun yi masa dokoki bayan koke-koke sun yi yawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta bai wa mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba, ta hana karɓar ko sisi daga hannunsa a cikin waɗannan kwanaki, ta kuma hana dillalin sake sayarwa karɓar kuɗi kafin ciniki ya faɗa. Jihar Florida ta Amurka ta ba da kwana 10. A Sifen, dokar 1998 ta ƙayyade cewa yarjejeniya ba za ta wuce shekara 50 ba, kuma a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke yarjejeniyar da aka ƙulla ba tare da wa'adi ba. Afirka ta Kudu na da tata dokar tun 1983, duk da haka sai da hukumar kare masu saye ta ƙasar ta buɗe bincike a 2017 saboda yawan mutanen da suka kasa fita daga yarjejeniya.

Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan mallakar karɓa-karɓa, amma akwai dokokin da suka shafe ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin mai takardar mallaka ya sayar, ya jinginar ko ya miƙa haƙƙinsa ga wani. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba ta ɓaci. Ke nan idan kaso a cikin gini aka sayar wa mutum, sake sayar da shi na buƙatar bin wannan hanya, da kuɗaɗen da ke tattare da ita.

A Jihar Nasarawa, hukumar NAGIS ce ke riƙe da bayanan filaye da takardun mallaka. A can ne mai niyyar saye zai bincika ko kamfanin na da takarda a kan filin, ko an jinginar da shi ga banki, da kuma shekarun da suka rage a wa'adinsa. Rajistar kamfanin kuwa a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC ake tabbatar da ita.

Idan aka tallata makon a matsayin jari mai kawo riba, wato kamfani zai riƙa ba da hayarsa yana raba kuɗi, lamarin ya shiga hurumin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta SEC, wadda dole a yi rajista da ita kafin a tara kuɗin jama'a. Dokar Zuba Jari ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na shekarar, ta tanadi tara mai tsanani da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya tsarin damfara da sunan zuba jari. Wanda aka yaudara da bayanan ƙarya wajen talla kuma na iya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC.

Damfara ta biyu

Mutumin da ya gaji da biyan kuɗin shekara shi ne ya fi saurin faɗawa hannun 'yan damfara. Sukan kira shi a waya ko su aiko da saƙo cewa sun samo mai saye a farashi mai tsoka, sai dai ya fara biyan kuɗin haraji, ko na lauya, ko na sauya suna. Idan ya biya, sai wani sabon kuɗi ya taso. Bayan ya gane an cuce shi, wasu kan sake kira da sunan jami'an gwamnati ko lauyoyi masu ƙwato kuɗi, su ma su nemi nasu.

A watan Yulin 2024, hukumomin Baitulmalin Amurka tare da hukumar FBI sun gargaɗi bankuna a kan wannan damfara, suka danganta ta da gungun masu fataucin ƙwayoyi na Jalisco a ƙasar Meziko. Alƙaluman FBI sun nuna cewa kimanin mutum dubu shida a Amurka sun kai rahoton asarar kusan dala miliyan 300 tsakanin 2019 da 2023. Salon bai bambanta da wanda aka sani a Najeriya da 419 ba, wanda dokar 2006 kan damfarar karɓar kuɗi tun gaba ta haramta, hukumar EFCC kuma ke bin sawunsa.

Ƙa'idar a nan guda ce: dillalin gaskiya daga cikin kuɗin ciniki yake cire la'adarsa, bayan an sayar.

Hanyar da mai son sayarwa zai bi

Matakin farko shi ne ya ɗauko yarjejeniyar ya karanta, ko ya kai wa lauya, domin ya san irin abin da yake riƙe da shi, shekarun da suka rage, da sharuɗɗan sauya suna. Wasu yarjejeniyoyi na bai wa kamfani damar fara saye a farashin da wani ya taya, kwatankwacin haƙƙin shufu'a da abokin tarayya ke da shi a fiƙihu. Tsallake wannan sharaɗi na iya ɓata cinikin.

Na biyu, ya biya duk bashin da ke kansa, domin kamfanoni ba sa sauya suna alhali ana bin mai mako kuɗin kulawa ko ragowar kuɗin saye.

Na uku, ya tuntuɓi kamfanin kai tsaye ta lambar da ke cikin takardunsa. Wasu manyan kamfanoni na da tsarin karɓar mako daga wanda ba ya so. Galibi ba sa biyan komai, amma nauyin shekara-shekara ya sauka.

Na huɗu, ya sa farashi bisa abin da aka sayar da irin makonsa a hannu na biyu, kada ya kafe a kan abin da ya biya. Kowace shekarar da ya ƙara yana jiran farashin da ba zai zo ba, kuɗin kulawa na ƙara cin aljihunsa. Maƙwabtan makonsa, wato masu makon da ke gaba ko bayan nasa, su ne sukan fi sha'awar saye don su tsawaita hutunsu. Kafin a samu mai saye, ba da hayar makon na iya rage asara idan yarjejeniya ta yarda.

Na biyar, kada ya ɗauka an gama har sai ya karɓi takarda daga kamfani cewa an cire sunansa. Idan sunan na nan, shi za a ci gaba da bi ko da wani ne ke kwana a ɗakin. Daina biya haka kawai kuma na iya jawo ƙara a kotu da ƙwace kason. Ya kamata iyali su san da wannan yarjejeniya tun mai ita na raye, saboda abin da ake binsa na cikin bashin da za a fitar kafin rabon gado.

Abin lura ga hukuma da mai saye

Yayin da hukumomi irin su NASIDA, mai kula da jawo masu zuba jari a Jihar Nasarawa, ke neman abokan hulɗa domin raya wuraren yawon buɗe ido, darasin ƙasashen waje na nuna abubuwan da ya dace a shimfiɗa tun kafin a sayar da mako ko ɗaya: wa'adin janyewa, ajiye kuɗin masu saye a asusu na daban har a kammala gini, iyaka a kan ƙarin kuɗin kulawa, da rubutacciyar hanyar fita.

Shi kuwa mai saye, mallakar karɓa-karɓa na iya yi masa amfani idan ya tabbata zai riƙa zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya na shekaru masu yawa, musamman in ya saya da araha daga hannu na biyu. Amma kuɗin hutu ne ya biya tun gaba, ba fili ba ne da zai ajiye ya yi daraja. Kafin ya tambayi nawa ne kuɗin shiga, ya fara neman a nuna masa a rubuce yadda ake fita, da wanda zai karɓa idan ya tashi sayarwa.